Kafin Allura Ta Shiga: Tsoron Dabba da Maganin Kwantar da Ita a Ƙasar Wurno

Allurar rigakafin ciwon huhu ba ta cin daƙiƙa goma a jikin sa. Kama san shi ne aikin. A Kwargaba da ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, inda da wuya ka shiga gidan da ba a ɗaure komai a turke ba, ranar da malamin dabbobi ya zo rana ce ta ƙura da ihu. Samari huɗu ko biyar ne a kan bijimi ɗaya: wani ya jefa igiya a ƙaho, wani ya zarge ƙafar baya, wani ya murɗe wutsiya, mai ƙarfin hali ya cusa yatsu a hanci. Kafin a kai shi ƙasa an sha gumi, wani lokaci har da jini. Sauran garken suna tsaye suna kallo, suna jin ruri, suna shaƙar warin fitsarin wanda aka kayar. Na goma a layi ya fi na farko wuyar kamu nesa ba kusa ba.

Idan rana ta yi, akwai waɗanda allurar ba ta same su ba, kuma kusan kullum su ne dai: mai tunkuyi, mai tsallake shinge, da saniyar da mai ita ya ce a ƙyale ta don tana da ciki, kada a kayar da ita ta yi ɓari. "Malam, wannan ba ya kamuwa, a bar shi." Da wannan maganar ake sallamar malamin dabbobi, shi ma da gajiya a jikinsa ba ya musu.

To amma cuta ba ta san wanda ba ya kamuwa ba. Rigakafin garke yana aiki ne idan ya game mafi yawan dabbobin, kuma san da aka bari shi ne zai je kasuwar Achida ko mashaya a bakin gulbin Rima ya kwaso, ya kawo wa na gida. Duniya ta ga bayan ciwon bushiya na shanu a 2011 bayan shekaru da dama ana bin shanu ruga-ruga da allura, kuma yanzu an sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zawo da majina da gyambon baki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, tana haɗa rigakafin ciwon huhu da na PPR. Sai dai kwalba komai ingancinta ba ta da amfani idan dabbar da za a yi wa tana can bayan gari da guntuwar igiya a wuya.

Tsoro kansa ciwo ne

An daɗe ana ɗaukar firgitar dabba a gaban likita a matsayin taurin kai, abin da ƙarfi da sanda za su magance. Likitocin dabbobi sun sauya ra'ayi, kuma dalilinsu na farko na aiki ne, ba na tausayi kaɗai ba. Dabbar da ta razana zuciyarta na bugawa da sauri, numfashinta ya hau, zafin jikinta ya ƙaru. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da likita yake aunawa don ya gane ciwo. Ragon da aka yi tsere da shi a cikin ranar Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato yake haura digiri 40, zai nuna zazzaɓin da ba shi da shi. Kyanwar da ta firgita sukarin jininta yakan tashi har a zaci ciwon suga ne. Dokin da yake ɗingishi a gida, da ya ga baƙo ya ji warin magani sai ya miƙe ya take ƙafar kamar lafiya lau.

Ga kuma asarar da ake gani da ido. Karayar ƙaho, gocewar ƙashi, ɓarin ciki, raguwar nono na kwanaki. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara da ita, tabon igiya da na sanda suna rage wa fatarta daraja a wurin majema. Mahauta ma sun san naman san da aka wahalar kafin yanka: yakan yi duhu, kuma ba ya jimawa yake lalacewa.

Dabba kuma ba ta mantuwa. San da aka kayar da ƙarfi bara, bana tun daga jin ƙarar babur ɗin malamin zai fara kai gwauro yana kai mari a turke.

A ƙasashen da kare da kyanwa suke kwana a ɗaki, an auna wannan tsoro da alƙaluma. Wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2009 ya bi karnuka 135 zuwa asibitin dabbobi, ya tarar kusan huɗu cikin biyar suna nuna alamun tsoro a kan teburin gwaji, wasu ma sai da aka ja su ko aka ɗauke su kafin su shiga ɗakin. A 2016 wani likitan dabbobi a Amurka, Marty Becker, ya kafa shirin horar da ma'aikata mai suna Fear Free, wanda manufarsa a duba dabba ba tare da an firgita ta ba. Daga cikin abin da irin wannan tunani ya yaɗa har da ba dabba magani tun a gida, kafin a kama hanyar asibiti.

Ga kyanwa, wanda ya fi shahara shi ne gabafentin, maganin da asalinsa na farfaɗiya ne da ciwon jijiya a jikin mutum. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada shi a kan kyanwoyi 20, ana ba su minti 90 kafin tafiya, aka ga sun fi natsuwa a hanya kuma sun fi yarda a taɓa su. Ga kare akwai tirazodon. Akwai wani mai kama da man shafawa, Sileo, da ake sa wa kare tsakanin kunci da dasashi idan tsawa ko ƙarar harbi na firgita shi. A Nuwamban 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Bonqat, ruwan magani na firegabalin da aka yi musamman don tsoron mota da na asibiti a jikin kyanwa.

Mai karatu a Marnona ko Gandi zai iya murmushi: mutum bai samu maganin zazzaɓin ɗansa ba, ana maganar kwantar wa mage hankali. Murmushin yana da hujja. Amma abin da ke ƙarƙashin maganar ya shafi mai shanun huɗa fiye da yadda ya shafi Baturiya da kyanwarta, domin ita ba a taɓa karya mata haƙarƙari da ƙaho ba.

Kwalbar da ke cikin jakar likita

Maganin kwantar da dabba da aka fi sani a arewacin Nijeriya shi ne zailazin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1962, aka daɗe ana sayar da shi da sunan Rompun. Allura ce. Minti kaɗan bayan an yi ta, sa yakan sunkuyar da kai, leɓensa ya saki, miyau ya fara dalala, ya tsaya cak ko ya kwanta. A wannan halin ake iya ɗinke rauni, a yanke kofaton da ya yi tsawo, a fasa ƙurji, a gyara igiyar hancin da ta ci nama, ko a ciro ɗan da ya maƙale wa saniya. Da shi ake samun kan raƙumi a lokacin sanyi, sa'ad da amale yake cikin zafin barbara, cizonsa kuwa yana iya murƙushe hannun mutum. A asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, irin wannan aiki abin yau da gobe ne, ɗalibai suna koyonsa tun kafin su fita.

Matsalar ita ce zailazin ba ya yafe kuskure. Shanu da awaki da tumaki sun fi doki jin sa kusan sau goma, wato abin da za a lissafa wa doki a kan kowane kilo, kashi ɗaya cikin goma nasa ya ishi sa. Alfadari kuwa yana buƙatar fiye da na doki. Sannan kwalaben iri biyu ne a kasuwa, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari da mai kashi 10, na biyun ya ninka na farkon sau biyar ko da yake ruwan iri ɗaya ne a ido. Akuya mai kilo 20 zuwa 25 rabonta ɗigo kaɗan ne, ƙasa da rabin mililita na mai sauƙin. Wanda ya zuƙo da sirinjin shanu ya auna da ido, ya riga ya kashe ta.

Ko an auna daidai, akwai sharuɗɗa. Maganin yana tsayar da motsin tumbi, don haka san da ya ƙoshi ya kwanta a gefe ɗaya yana iya kumburin ciki, ko abin da ke tumbinsa ya dawo ya bi ta hanyar numfashi. Shi ya sa likita yake cewa a hana shi abinci tun dare, kuma idan ya kwanta a tallafe shi a kan ƙirjinsa, bakinsa na kallon ƙasa. Maganin yana sa mahaifa ta matse, saboda haka saniya mai tsohon ciki tana iya ɓari. A jikin tumaki yana rage iskar da ke shiga jini, wasu ma ruwa ya taru musu a huhu. Mai ragon layya Balami ko Uda da ya shekara yana zuba masa dusa da harawa ya kamata ya san wannan kafin ya bari a tsira masa komai. Maganin yana kuma dagula yadda jiki ke daidaita zafinsa, wanda a ƙasar nan yake nufin aikin sassafe ne, a inuwa. Akwai allurar da ke warware shi idan abu ya ɓaci, irin su yohimbin da atifamezol, amma ba kowace jaka ake samunsu a ciki ba. Kuma dabbar da aka yi wa ba a yanka ta a ci, ba a shan nononta, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Mutum ma bai tsira ba. Sirinjin da ya kuɓuce ya soki hannun mai riƙo yana iya saukar masa da bugun zuciya da numfashi. A Amurka masu safarar ƙwaya sun shiga gauraya zailazin da fentanil, har fadar shugaban ƙasar ta ayyana haɗin a matsayin sabuwar barazana a Afrilun 2023.

Akwai wani tsohon magani, asefuromazin, da aka daɗe ana ba doki da kare. Likitoci da yawa sun ja baya da ba da shi shi kaɗai don tsoro, domin jiki yake kashewa, tsoron yana nan, har ma dabbar takan ƙara jin ƙara. Kamar a ɗaure mutum tamau ne a ce ya kwantar da hankalinsa. Ba ya kuma kashe zafi, yana saukar da hawan jini, sannan a jikin ingarma yana iya sa gabansa ya fito ya ƙi komawa. A Wurno, garin ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har rasuwarsa a 1837, doki ba abin wasa ba ne har gobe, kuma mai ingarman hawan Sallah ba zai gode wa wanda ya jawo masa wannan ba.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa: kwantar da dabba daban, kashe mata zafi daban. San da za a yi wa fiɗiya ko a yanke masa ƙaho, ko ya yi laƙwas yana jin wuƙa. Allurar lidoken a daidai wurin aikin, wadda ba ta da tsada, ita ke ɗauke wannan, sai kuma maganin raɗaɗi irin melokzikam bayan an gama. Dabbar da ba ta ji zafi ba a wannan karon, ita ce za ta tsaya a karo na gaba.

Kemis ba asibitin dabbobi ba ne

Likitocin dabbobi sun yi ƙaranci a karkara, kuma rashin tsaro ya ƙara nesanta su. Harin da aka kai Tabanni a ƙasar Rabah a Yulin 2018 da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 suna cikin abubuwan da mutanen yankin ba za su manta ba, ga satar shanu da ta tarwatsa rugage. Inda ma'aikaci ba ya iya zuwa, mai tallan magani a kan tabarma ranar kasuwa shi ne likita, shi ne mai ba da shawara. A nan haɗarin wannan labari yake, don wanda ya ji cewa akwai ƙwayar kwantar da dabba, zuciyarsa za ta raya masa ya gwada ta mutane.

Kada a gwada. Ƙwayar Panadol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol. Fuska ta kumbura, dasashi ya sauya launi, numfashi ya gagara. Ibufurofen yana ɓarke wa kare ciki da ƙoda. Diyazefam, wanda matasa suka sani da Valium, yakan yi wa wasu dabbobin akasin abin da ake nema, su ƙara haukacewa, kuma an san shi da lalata hantar kyanwa idan aka yi ta ba ta ta baki. Tiramadol da firegabalin kuwa ƙwayoyi ne da hukumar NDLEA take kamawa, kuma gidan da aka ajiye su da sunan dabba, ba a san bakin da za su ƙare ba. Ko gabafentin da tirazodon da aka ambata a baya, likita ne yake lissafa su bisa nauyi da shekaru da lafiyar ƙoda, yakan ma so a gwada sau ɗaya a gida kafin ranar tafiya.

Mafi yawan aikin ma ba ya buƙatar magani. Ba wanda zai yi wa garke na shanu ɗari allurar barci don ya yi musu rigakafi. Kuɗin da haɗarin sun fi ƙarfin amfanin. Abin da ake buƙata sanin halin dabba ne, kuma Fulani makiyaya sun riga masana zuwa nan. Yaro ɗan shekara goma yana juya garke da murya da ɗaga sanda ba tare da ya doki ko ɗaya ba. Mai tatsa tana kiran saniya da sunanta, ta sako mata ɗan maraƙinta daga dangwali, ta shafa ta, sannan ta zauna. Temple Grandin, malamar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ta yi suna a duniya ne da tsara wannan sani a rubuce da zane: cewa saniya tana gani kusan ko'ina kewaye da ita ban da daidai bayanta, shi ya sa mai zuwa ta baya shiru yake shan shuri, cewa idan ka tsaya bayan kafaɗarta gaba za ta yi, idan ka tsaya gabanta baya za ta ja, cewa inuwa a ƙasa, ko tsumma mai kaɗawa, ko ƙarar ƙarfe sun isa su tsayar da layi gaba ɗaya, cewa shanu sun fi son bin lungu mai lanƙwasa, ɗaya na bin ɗaya.

A aikace wannan yana nufin shingen itace mai ƙarfi, matsattse daidai faɗin sa guda, wanda gari zai iya kafawa da gayya. Shanu su shiga a jere, malamin yana gefe yana tsira allura, ba a kayar da ko ɗaya ba, mai ciki ma ta samu. A fara da masu sanyin hali. A hana yara ihu, a kori karnuka daga wurin. Tunkiya kada a ware ta ita kaɗai, don kaɗaici ya fi allura firgita ta. Raƙumi a gurfanar da shi a ɗaure gwiwa, mai shi yana riƙe da akala. Doki a rufe masa ido ta ɓangaren da ake aiki, kada a murɗe masa kunne, domin daga ranar sa masa linzami ya zama faɗa. Wanda kuma yake kiwon turka, ya riƙa taɓa kunne da baki da ƙafar dabbarsa tun tana ƙarama, yana haɗawa da ɗan gishiri ko dusa, har ta saba da hannu. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa Musulunci ya hana dukan dabba a fuska da wasa wuƙa a gabanta. Likitan zamani bai zo da abin da ya saɓa wa wannan ba.

Saura kare, wanda tsoronsa ya fi na kowa tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara ne kaso mai yawa, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar takan yanke. Karnukan farauta da na gadin ruga a gabashin Sakkwato ba su san hannun kowa ba sai na mai su, wani lokaci ma sai na yaron gidan da ke ba su ƙanzo. Irin wannan kare ba a tare shi da sanduna. Wanda ya saba da shi ne zai kawo shi, da takunkumin da aka koya masa sawa tun a gida, a yi masa a gefe nesa da sauran karnuka. Wanda ya gagara duk da haka, shi ne ya cancanci likita ya duba batun magani. Kyanwar gida kuwa a kwando mai murfi ake kai ta, an lulluɓe da zane, ba a buhu ba.

Tun Yulin 2024 Nijeriya take da ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, kuma kowace shekara ana jin sanarwar ƙaddamar da rigakafin dabbobi a jihohi. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, da hakimai da arɗo-arɗo, su sa shingen kamu cikin abin da za su nema, a kowace kasuwar dabbobi da kowace babbar mashaya, tare da ma'aikacin da aka horar, mai abin auna nauyi da allurar warwarewa a jakarsa. Mai dabba kuma, idan aka zo tsira wa dabbarka allurar kwantarwa, ka tambayi sunan maganin, ka faɗi ko tana da ciki da lokacin da ta ci abinci, ka kuma tambayi kwana nawa za ka jira kafin yanka ko tatsa. Wanda ya kasa amsa maka waɗannan, kada ka miƙa masa igiyar.